Yadda Za Ka Mayar da Tsohuwar Kwamfutarka Tashar Karɓar Saƙonnin APRS da Direwolf

Akwai wata gajeriyar ƙara da ke ratsa iska a zangon mita 2 na rediyon 'yan sha'awa, ba ta cika daƙiƙa ɗaya ba, kamar kukan gyare da aka katse shi a tsakiya. Wanda ya ji ta a oba-oba zai ce rediyon ne ya fara lalacewa. Alhali rubutu ne aka mayar sauti: lambar kiran mai aikawa (lambar shaidarsa ta rediyo, ba ta waya ba), wurin da yake a taswira, wani lokaci zafin garinsu ko ɗan saƙon gaisuwa. Sunan tsarin APRS. Bob Bruninga, mai lambar kira WB4APR, wanda ya yi aiki a kwalejin sojan ruwan Amurka da ke Annapolis, shi ya raine shi tun daga shekarun 1980 har rasuwarsa a watan Fabrairun 2022. A ƙarƙashinsa akwai ƙa'idar ɗaure saƙo da ake kira AX.25, wadda aka tsayar da bugunta na biyu a 1984.

A da, sai ka sayi wani akwati na musamman, TNC, ka sa shi tsakanin rediyo da kwamfuta kafin ka iya fassara wannan ƙara. Yanzu manhaja ce ke yin aikin, kuma wadda na fi amincewa da ita ita ce Direwolf, ta John Langner, WB2OSZ. Kyauta ce, kuma tana tsinto saƙo daga cikin hayaniya fiye da tsofaffin akwatunan nan.

Kafin mu taɓa komai, ga abin da nake so ka riƙe. Buɗe shafin aprs.fi ka dubi Jamus ko Holan, za ka ga alamomi sun yi cincirindo har taswirar ba ta ganuwa. Sannan ka gangaro Kano, Zindar, Maraɗi ko Tamale. Fayau. Ma'ana, idan ka gama haɗa kayanka a nan, abin da ya fi yiwuwa ka fara ji shi ne shiru. Kuma shiru iri biyu ne: akwai na babu mai magana, akwai na kunnenka ne ya toshe. Mutumin Turai ba ya wannan wahalar, domin minti ɗaya da kunnawa zai san ko kayansa na aiki. Kai kuwa dole ka gwada kowace gaɓa ita kaɗai kafin ka ɗaura ta da ta gaba. A kan haka na tsara matakan nan.

Kayan aiki

Kwamfuta kowace iri, in dai tana da ramin USB kuma za ta ɗauki Linux. Da tsohuwar zuma ake magani: laftof ɗin nan da aka jefar a kan sif saboda ta daina ɗaukar sabuwar Windows ita ta fi dacewa, don batirinta zai riƙe ta idan an ɗauke wuta. Raspberry Pi ma ya isa. Umarnin da zan kawo na Debian ne da danginsa, wato Ubuntu, Linux Mint da Raspberry Pi OS.

Sai dongul na RTL-SDR, 'yar na'ura mai kama da filash amma ta ɗan fi shi kauri. Asalinta don kallon talabijin aka ƙera ta, sai wajen 2012 wasu masu ƙwaƙwa suka gano cewa guntun RTL2832U da ke cikinta zai iya miƙa wa kwamfuta ɗanyen siginar rediyo. Masu ɗauke da R820T2 suna kamawa daga wajen megahaz 24 zuwa sama da 1,700. Ba ta watsa komai, saurare kawai take yi, kuma da saurare za mu fara.

Na uku eriya, da wayar da za ta sauko da sigina daga rufi. Zan dawo kanta.

Maganar lasisi kuma tun yanzu: watsa ko da saƙo ɗaya a wannan zango sai da lasisi da lambar kira daga hukumar sadarwar ƙasarka. Lambobin Najeriya suna farawa da 5N, na Nijar 5U, na Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Tura abin da ka ji zuwa intanet ma sai mai lambar kira. Wanda bai da ita zai iya bin matakan nan har zuwa na biyar, ya tsaya a nan.

Mataki na farko: girka manhajojin

Buɗe tagar rubuta umarni ka buga:

    sudo apt update
    sudo apt install direwolf rtl-sdr alsa-utils

Ga mafi yawan mutane wannan ya wadatar. Sai dai rumbun manhajojin Debian da Ubuntu yakan yi jinkiri, wani lokaci Direwolf ɗin da ke ciki ya tsufa da shekara biyu ko uku. In kana son sabo, gina shi da kanka, ba wuya:

    sudo apt install git gcc g++ make cmake libasound2-dev libudev-dev libavahi-client-dev libgpiod-dev
    git clone https://github.com/wb2osz/direwolf
    cd direwolf
    mkdir build
    cd build
    cmake ..
    make -j4
    sudo make install
    make install-conf

Layin ƙarshe ba shi da sudo, kuma da gangan ne: yana ajiye samfurin fayil ɗin saiti a foldarka ta gida, ba ta mai gidan kwamfutar ba. Zaɓi hanya ɗaya daga cikin biyun. Idan ka girka duka, za ka wayi gari kana gyara wannan alhali wancan ne ke tashi.

Mataki na biyu: gwada Direwolf ba tare da rediyo ba

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ne mafi arha. Direwolf yana zuwa da wasu ƙananan manhajoji biyu, ɗaya tana ƙirƙirar sautin saƙo ta zuba a fayil, ɗaya kuma tana fassara shi:

    gen_packets -o gwaji.wav
    atest gwaji.wav

Za ka ga layuka huɗu na wata jimlar gwaji ta Turanci, sannan a ƙasa ya ce ya fassara saƙo 4. In ka ga haka, ɓangaren fassara lafiya lau yake, kuma duk matsalar da ta biyo baya ba daga nan take ba. Yanzu ka ƙara sautin sifika ka buga `aplay gwaji.wav`. Saurara da kyau, ka maimaita sau uku ko huɗu har kunnenka ya haddace. Muryoyi biyu ne ke musanya da sauri, ɗaya a haz 1,200 ɗaya a 2,200, salon tsohon modem ɗin tarho mai suna Bell 202, a gudun bit 1,200 cikin daƙiƙa. Wato haruffa 150 ke nan a daƙiƙa. Hoto ɗaya na WhatsApp zai ci mintuna masu yawa a wannan gudun, shi ya sa saƙonnin APRS gajeru ne ƙwarai. Ranar da ka ji wannan kukan daga sama za ka gane shi tun kafin allo ya rubuta komai.

Mataki na uku: sa kwamfuta ta ga dongul

Soka shi, ka buga `rtl_test -t`. Abin da kake nema shi ne ya ce ya sami na'ura ɗaya, ya kuma ambaci sunan guntun da ke cikinta, galibi Rafael Micro R820T.

Idan ya kawo kuskure mai lamba -6, to Linux ne ya riga ka. Ya ga dongul, ya tuna cewa na talabijin ne, ya damƙa shi ga direban talabijin. Sai ka hana wannan direban tashi:

    echo 'blacklist dvb_usb_rtl28xxu' | sudo tee /etc/modprobe.d/blacklist-rtl.conf

Kashe kwamfutar ka kunna, ka sake gwadawa. In kuwa -3 ya rubuta, maganar izini ce: cire dongul ka mayar, ko ka sake kunna kwamfutar, don ƙa'idojin da aka girka tare da rtl-sdr su fara aiki. Mai dongul samfurin V4 na RTL-SDR Blog, wanda ya fito a 2023, ya lura cewa tsohon direba bai san shi ba. Zai nuna kamar komai daidai, amma ba ya kama tasha a inda take. Sabon bugun Linux ko sabon direba ne maganinsa.

Ganin na'ura daban, jin sigina daban. Don haka ka kamo tashar FM ta garinku. A Kano, misali, Freedom Radio na kan 99.5:

    rtl_fm -M wbfm -f 99.5M - | aplay -r 32000 -f S16_LE

Canza lambar zuwa tashar da ka san tana watsa shiri a lokacin. Da ka ji murya, gaɓa ta biyu ta tabbata. Danna Ctrl da C don tsayarwa.

Saura abu ɗaya. Agogon cikin dongul mai arha yakan kauce kaɗan, sai ka ce masa megahaz 144.800, inda APRS ɗinmu yake, ya je ya tsaya a gefe. A FM ba za ka lura ba don tashar na da faɗi, amma siginar APRS siririya ce. Buga `rtl_test -p`, ka bar shi minti goma ya yi ɗumi, ka rubuta lambar ppm, wato ma'aunin kaucewar, da ya daidaita a kai. Masu TCXO a jikinsu, wato agogon da zafi ba ya gusar da shi sosai, kaucewarsu ba ta wuce 1 ko 2, ba sai ka damu ba. Masu arha kan kai 50 ko fiye. A megahaz 145, kaucewar 50 ta haura kilohaz 7, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ka kwana kana sauraron iska.

Mataki na huɗu: eriya

A nan ne aikin yake, ba a manhaja ba. 'Yar eriyar da ke zuwa cikin kwali, mai tsawon ɗan yatsa, ta talabijin ce, ajiye ta.

Lissafin mai sauƙi ne. Raba 300 da 145, wato megahaz ɗin da za mu saurara, ka sami tsawon zango, mita 2 da 'yan kai. Rubu'insa santimita 52, a rage kaɗan saboda yadda sigina ke tafiya a jikin ƙarfe, ya koma wajen 49. Sami wayar tagulla mai kauri, irin ta wayarin ɗin gida da aka fere wa roba, ka yanka guda biyar, kowace santimita 49 zuwa 50. Ɗaya ta tsaya a miƙe tana kallon sama, a haɗa ta da zuciyar wayar saukowa. Huɗun a haɗa su da ragar da ke kewaye da zuciyar, a baza su gabas, yamma, kudu, arewa, a lanƙwasa su ƙasa kamar digiri 45, siffar ƙafafun gizo-gizo. Kada ta tsakiya ta taɓa huɗun. Duk mai gyaran rediyo a bakin kasuwa zai like maka su da dalma cikin minti goma.

Wayar saukowa kuwa, littattafan Turawa za su ce sai mai ohm 50. Don saurare kawai, wayar dish ta RG-6 da ake samu a kowane shagon kayan wuta ta yi, kodayake 75 ce. Asarar ba ta taka kara ta karya ba. Nemi 'yar mahaɗa daga kan F na dish zuwa SMA na dongul. Ɗaure eriyar a kan bututun roba na famfo, ka ɗaga ta sama da kwanon rufi gwargwadon iko, domin wannan zangon kusan sai abin da eriya ke hange take ji. Naɗe mahaɗar waje da tef sosai, in ba haka ba damina ɗaya ruwa zai bi cikin wayar ya sauko.

Abu biyu na gida. Idan hadari ya haɗo, cire wayar daga dongul ka ajiye bakinta nesa da kwamfuta. Tsawa ba ta san kayan gwaji ba. Sannan a halin tsaron da ake ciki, baƙon ƙarfe a kan rufi yana jawo tambaya. Ni kafin na ɗaga tawa sai da na kira maƙwabcina, dattijo ne, na ce, "Baba, zo ka ga abin da nake haɗawa," na kunna masa tashar FM ta cikin kwamfuta. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka rabo da wahala, rediyon da ake sayarwa a kasuwa fa?" Amma daga ranar shi ke ba masu tambaya amsa. In unguwarku mai yawan ido ce, gaya wa mai unguwa ma ba asara ba ne.

Mataki na biyar: haɗa su, ka saurara

Buɗe sabon fayil da `nano ~/sdr.conf` ka rubuta:

    ADEVICE stdin null
    CHANNEL 0
    MYCALL N0CALL
    MODEM 1200
    AGWPORT 8000
    KISSPORT 8001
    LOGDIR /home/sunanka/aprs

Layin farko yana cewa sauti zai shigo ta bututu daga wata manhaja, kuma babu inda zai fita, wato ba watsawa. N0CALL lambar riƙon ƙwarya ce ta wanda bai da tasa. A layin ƙarshe sa sunan da kake shiga kwamfutar da shi. Nan Direwolf zai riƙa ajiye abin da ya ji, kowace rana da fayil ɗinta. Ajiye, sannan:

    rtl_fm -f 144.8M -p 0 -g 40 - | direwolf -c ~/sdr.conf -r 24000 -D 1 -

A madadin 0 da ke bin -p sa lambar ppm ɗinka. Kada ka manta 'yar karan da ke ƙarshen kowane ɓangare, ita ce bakin bututun.

Dubi lambar mita da kyau. Ni na yi kwana uku a kan 144.390, domin daga wani bayani na Amurkawa na kwafo umarnin ban duba ba. Na sauke eriya na sake likewa, na canza waya, har na fara zargin wanda ya sayar mini da dongul. Ashe 144.390 ta Arewacin Amurka ce. Afirka da Turai suna yanki na ɗaya a rabon duniya na rediyo, zangonmu na mita 2 daga 144 zuwa 146 yake, kuma APRS ɗinmu na kan 144.800. Abin haushin, da na gyara ma shirun na ci gaba da ji, sai dai wannan karon na san shiru ne na gaskiya.

To ta ina za ka ji saƙo na ainihi idan babu kowa kusa da kai? Daga sama. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, tana ɗauke da rediyon 'yan sha'awa da ke karɓar saƙon APRS ya maimaita shi a kan 145.825. Tana tafiya a nisan kilomita 400 da ɗoriya daga ƙasa, tana zagaya duniya cikin kusan minti 93, kuma hanyarta ta karkata da digiri 51.6, saboda haka tana ratsa samaniyar ƙasar Hausa a kai a kai. Girka Gpredict da `sudo apt install gpredict`, ka sa masa wurin da kake, ka sabunta bayanan taurarin ta intanet, zai faɗa maka lokacin da za ta ɓullo da tsayin da za ta kai. Zaɓi wucewar da ta haura digiri 30. Tun daga fitowarta har faɗuwarta wajen minti goma ne kawai, don haka ka kunna tun kafin lokaci, da 145.825M a madadin 144.8M. Ka tabbata agogon kwamfutarka daidai yake, in ya yi latti da minti biyar ka rasa rabin wucewar.

Kada ka yanke hukunci da wucewa ɗaya. Ana kashe rediyon idan 'yan sama jannati za su fita aiki a waje ko wani kumbo zai haɗe da tashar, wani lokaci kuma a juya shi zuwa wani aikin. Shafin ARISS, ƙungiyar da ke kula da rediyon 'yan sha'awa na tashar, yana sanar da halin da yake ciki. Kuma mai maimaitawa sai an yi magana yake maimaitawa. Wucewar da ta bi ta arewa, lokacin da tashar ke hango mu tana kuma hango gaɓar Bahar Rum, ta fi yiwuwar kawo saƙonnin mutanen kudancin Turai da tsibiran Kanari. Bar kwamfutar a kunne kwana biyu, ka duba foldar aprs da safe.

Idan saƙo ya shigo, za ka ga layi biyu ko uku: lambar wanda aka ji da ƙarfin sautinsa, sannan saƙon kansa, sannan fassarar wurin da yake. Ƙarfin sautin da Direwolf ya fi so wajen 50 ne. Ka kuma san cewa kowane saƙon AX.25 yana ɗauke da lambar tantancewa a wutsiyarsa. Bit ɗaya ya kuskure, a bisa ƙa'ida an yar da saƙon gaba ɗaya. Shi ya sa za ka iya jin kukan da kunnenka amma allo ya ƙi rubuta komai. In haka na faruwa, hayaniya ce ko kaucewar mita.

Hayaniyar kuma galibi daga cikin gidanka take. Inbata, na'urar cajin sola, cajar waya mai arha, ƙwan fitila na LED, duk suna feshin ƙara a iska. Kashe su ɗaya bayan ɗaya kana lura. Sa dongul a kan 'yar wayar USB ya yi nesa da jikin kwamfutar. Wanda ke zaune kusa da turken gidan rediyon FM kuma, ƙarfin tashar na iya toshe wa dongul kunne ɗungurungum. Rage lambar -g da ke cikin umarnin rtl_fm, wadda ke saita yadda dongul ke ƙara wa sigina ƙarfi, zuwa 30 ko 25, in bai yi ba ka nemi matatar da ke tare zangon 88 zuwa 108. Ƙara -g har ƙarshe ba ya ƙara ji, kamar ɗaga murya ne a cikin kasuwa.

Mai son ganin abin a taswira ya girka Xastir, ya shiga wurin saita hanyoyin haɗi, ya ƙara irin Networked AGWPE, adireshi localhost, ƙofa 8000. Fuskarsa ta tsufa, amma yana aiki.

Mataki na shida: ƙofar intanet, ga mai lasisi

Tashar da ke jin saƙo a iska ta miƙa shi ga intanet ita ake kira iGate. Saƙonnin suna taruwa a wata hanyar sadarwa ta duniya mai suna APRS-IS, daga nan shafuka irin aprs.fi, na Heikki Hannikainen ɗan ƙasar Finlan, suke ɗauka su zana a taswira. Gyara MYCALL, ka ƙara layuka uku:

    MYCALL LAMBARKA-10
    IGSERVER euro.aprs2.net
    IGLOGIN LAMBARKA-10 12345
    PBEACON sendto=IG delay=0:30 every=60:00 symbol="igate" overlay=R lat=12^00.00N long=008^31.00E comment="Tashar saurare"

Lambar da ke bin lambar kira, daga 0 zuwa 15, ita ke bambanta na'urorin mutum ɗaya. Al'ada ta ba iGate 10, oba-oba ta hannu 7, ta mota 9. Uwar garken euro ita ke hidimar Turai da Afirka. A madadin 12345 za ka sa lambar shigarka ta APRS-IS, wadda ake fitarwa daga lambar kiranka, kuma masu lasisi kaɗai ake ba. Kada ka ari lambar wani, kada kuma ka ƙirƙiro ta ƙarya: duk abin da ka tura yana nan a rubuce, duniya na gani.

Harafin R da ke cikin overlay=R yana shaida cewa tasharka karɓa kawai take yi. Wurin da na sa a misalin tsakiyar Kano ne, a digiri da mintuna, ba digiri da ɗigo irin na Google Maps ba. In ka kwafo 12.50 daga can ka rubuta 12^50, ka kai kanka kusan kilomita 37 arewa da inda kake, don rabin digiri minti 30 ne. Shawarata kuma, kada ka sa ƙofar gidanka daidai. Zagaye lambar ta faɗa a wata mahadar titi ko filin unguwa. Kilomita ɗaya ba ya rage wa taswirar komai.

Sake tayar da Direwolf. Cikin ƴan daƙiƙu za ka ga layi mai farawa da [ig] yana cewa verified. In unverified ya ce, lambar shigar ba ta dace da lambar kiran ba. Bayan minti ɗaya nemi lambarka a aprs.fi. Data kuwa ba abin damuwa ba ce, rubutu ne tsagwaronsa.

Mataki na bakwai: ya riƙa tashi da kansa

Tashar da sai ka zauna a gabanta take aiki ba tasha ba ce, musamman a inda wuta ke zuwa da tafiya ba sallama. Buɗe `sudo nano /etc/systemd/system/kunne.service`:

    [Unit]
    Description=Tashar sauraron APRS
    After=network-online.target

    [Service]
    User=sunanka
    ExecStart=/bin/sh -c 'rtl_fm -f 144.8M -p 0 -g 40 - | direwolf -t 0 -c /home/sunanka/sdr.conf -r 24000 -D 1 -'
    Restart=always
    RestartSec=30

    [Install]
    WantedBy=multi-user.target

Sannan `sudo systemctl enable --now kunne`. Don leƙa abin da yake ji, `journalctl -u kunne -f`. Idan kana son gwada wani abu da hannu, fara tsayar da shi da `sudo systemctl stop kunne`, domin manhaja biyu ba sa riƙe dongul ɗaya. In ka manta, tsohon kuskuren nan -6 zai dawo ya ruɗa ka.

A laftof, shiga saitin wuta ka hana ta barci idan an rufe murfi. A Raspberry Pi, yankewar wuta ba zato tana lalata katin ajiya, don haka ka ba shi batir a tsakani. Dongul yana zafi ko a sanyi, balle a watan Afrilu. Kada ka kulle shi a durowa, bar shi inda iska ke wucewa, kuma lokacin hunturu ka riƙa busa ƙurar da ke taruwa a fankar kwamfutar.

Idan lokacin watsawa ya yi

Dongul ba zai yi wannan ba. Za ka buƙaci rediyon mita 2 na gaske, katin sauti na USB, da hanyar da kwamfuta za ta danna maɓallin magana. Ƙananan na'urori irin Digirig sun haɗa biyun ƙarshe a wuri ɗaya. Buga `arecord -l` ka ga lambar katin, ka ba kanka izini da `sudo usermod -aG dialout,audio $USER`, ka fita ka sake shiga, sannan a sabon fayil ɗin saiti:

    ADEVICE plughw:1,0
    PTT /dev/ttyUSB0 RTS

Mai katin sauti na CM108 da aka gyara don wannan aiki zai rubuta PTT CM108. A bar wa VOX, tsarin da ke sa rediyo fara watsawa da kansa da ya ji sauti, aikin danna maɓalli ban ba da shawara ba: yana makara wajen buɗewa ya cinye kan saƙon, yana kuma makara wajen saki ya toshe amsar da ke dawowa. Buɗe sikwalc ɗin rediyon, wato abin da ke rufe sauti idan babu sigina, gaba ɗaya, ka kashe tsarin tanadin batir, don shi ma yana sa rediyo gyangyaɗi tsakanin saƙo da saƙo. A alsamixer kashe abin da ke daidaita ƙarfin makirfo da kansa, ka murɗa har Direwolf ya riƙa nuna wajen 50. Sautin fita kuma ka fara da shi ƙasa ƙasa. Wanda ya yi yawa yana murguɗewa, ba mai iya fassara shi.

Ka tuna sharuɗɗan lasisin: ba ɓoye saƙo, ba harkar kasuwanci, kuma kowane saƙo da lambar kiranka yake fita. Gwajin farko ma ba sai ka jira kowa ba. Bar tashar dongul a kunne a gida, ka ɗauki rediyon da laftof ta biyu ka je ƙarshen unguwa, ka aika saƙo ɗaya a ƙaramin ƙarfi, ka buɗe aprs.fi a wayarka ka ga ko gida ya ji ka. Gobe ka ƙara nisa, ka rubuta inda ya daina ji. In ka kai nan, sa via=ARISS a layin PBEACON, ka cire sendto=IG, ka rage every zuwa 1:00 na tsawon wucewar kawai, ka juya rediyon zuwa 145.825, ka duba Gpredict don sanin ƙarfe nawa tashar za ta ɓullo.